Jinjina Ga Masu Lissafin Rage Hayaƙi, Saura Lissafin Kano

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Daurawa ta Kano daren da aka ɗauke wuta ya san yadda janareto ke amsa wa janareto, hayaƙi na bin lungu-lungu har Gyaɗi-Gyaɗi. Shi ya sa nake jinjina wa masanan da suka zauna suka zana wa Najeriya hanyar rabuwa da wannan hayaƙi.

A Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da ƙasar nan ke fitarwa ba zai wuce wanda dazuzzuka da sauran dabaru ke iya shanyewa ba. Alƙawari a baki ba ya wuya. Masanan ne suka mayar da shi lissafi. Shirin sauya makamashi da aka ƙaddamar a Agustan 2022 ya bi fannoni biyar: lantarki, sufuri, girki, masana'antu, da mai da iskar gas. Ya nuna abin da kowanne zai rage, ya kuma ƙiyasta ƙarin dala biliyan 410 da aikin zai ci.

Injiniyoyinmu ma sun cancanci yabo. Tashar sola mai megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, da mai megawat 10 ta Kumbotso a 2023, sun tabbatar da cewa ranar da ke gasa mu dukiya ce. Sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri.

Sai dai da sauran rina a kaba. Lissafin Abuja bai san yawan Adaidaita Sahun da ke bin titin Zariya ba, ko dizal ɗin da masana'antun Sharaɗa da Bompai ke sha, ko buhunan gawayin da ke shigowa Tarauni kullum. Tsadar gas ta mayar da iyalai da yawa kan murhun gawayi, kowane buhu kuwa daga bishiyar da aka sare ya fito.

Ina kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da malaman Bayero su haɗa kai da masu unguwanni, a ƙirga waɗannan abubuwa gida-gida, a fitar da taswirar rage hayaƙin Kano mai shekaru da farashi, a kuma bayyana ta da Hausa a rediyo. Uwargidan da ke hura wuta a Daurawa tana da haƙƙin sanin ranar da girki marar hayaƙi zai zo daidai aljihunta.