Maganin Fuka Yana Farawa Daga Ɗakin Kwanan Yaro

Ya 'yan'uwa malamai da iyayen yara, kowannenmu ya san irin ɗalibin nan da yakan ɓace daga aji da zarar hunturu ya kama, ko wanda yakan zauna gefe yana haki idan ana guje-guje. Sau da yawa mukan ɗauke shi malalaci, alhali fuka ce, wadda likitoci ke kira asma, ta hana shi barcin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita, kuma ta yi ajalin 455,000. Ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke daɗewa a jikin yara.

Fuka kumburi ce a hanyoyin numfashi, waɗanda kan tsuke idan suka haɗu da abin da ke tayar da su. Abubuwan kuwa suna cikin gidajenmu na Matsinkai da Kaoje da Illo da Lolo: hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, taba, kyankyasai, ƙurar sussukar shinkafa, da danshin da ambaliyar kogin Kwara ke bari a bango. Idan an ba yaro magani a asibiti, sa'an nan ya koma ya kwana cikin hayaƙi, an yi aikin baban giwa.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne ma'aikacin lafiya na al'umma ya riƙa taka ƙafa har cikin gida. An gwada haka a birnin Siyatul na Amurka, inda irin waɗannan ma'aikata suka riƙa ziyartar gidajen marasa ƙarfi suna nuna abin da za a gyara, aka kuwa ga raguwar kai yara asibiti cikin gaggawa. Mu ma muna da tushen. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS domin kai hidimar lafiya unguwa-unguwa, kuma mun saba da masu bi gida-gida don rigakafin shan inna da maganin zazzaɓin damina. Me zai hana a ƙara musu horo kan fuka?

Wani zai ce ma'aikatan sun yi kaɗan, talaka kuma ba ya iya sayen gas. Gaskiya ne. Amma yawancin gyaran ba ya cin kwabo: a fitar da murhu fili, a daina goya yaro lokacin hura wuta, a musanya maganin sauro na ƙonawa da gidan sauro, a shanya shimfiɗa a rana, a yayyafa ruwa kafin shara. Haka kuma ma'aikaci zai koya wa uwa yadda ake amfani da maganin shaƙa, ya kuma kawar da camfin cewa jiki yana sabawa da shi.

Mu ma akwai namu nauyin. Kada mu sa mai fuka share aji ko goge allo, kada a ƙona shara kusa da azuzuwa, mu kuma riƙa lura da mai yawan fashi saboda tari, mu sanar da iyayensa. Idan yaro ya kasa haɗa magana saboda haki, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, a garzaya da shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Bagudo da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Jihar Kebbi su tanadi maganin shaƙa a cibiyoyin lafiya na mazaɓu, su kuma sanya fuka cikin aikin ziyarar gidaje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kai wannan batu taron iyaye da malamai na gaba. Allah Ya ba yaranmu lafiya.