Ruwa Muka Biya Mu Gani, Aka Kulle Mu a Kanti

Akwai wata cuta da ake yi wa 'yan kasuwarmu a birnin Guangzhou wadda ban ji kowa yana maganarta ba, kuma ta kai ni maƙura. Kwantenar da ta maƙale a tashar ruwa, da masana'antar da ke nuna samfur mai kyau ta loda na banza, waɗannan kowa yana kuka da su a fili. Ni maganar da nake yi ta ranar hutu ce, rana ɗaya tak da bawan Allah yake samu a tafiyar da ya zuba miliyoyi a kanta. A ce masa zo a kai ka ka ga ikon Allah, ruwa na faɗowa daga ƙololuwar dutse. Ya biya, ya shiga mota da sanyin safiya, a wuni ana gararamba da shi daga wannan kanti zuwa wancan, ruwan kuwa sai dai ya hango ya juyo. Abin da ya fi ƙona min rai, duk inda na bi sawun wannan harka, wanda ya karɓi kuɗin namu ne, da Hausarsa tsaf a bakinsa, yana “ranka ya daɗe” yana “Allah ya ƙara arziki”.

Wanda ya taɓa zuwa sari Caina ya san titin Liuhua Lu. Nan ne tsohon gidan baje kolin Canton, kasuwar da aka fara a 1957, ta tare a wannan titi a 1974, kafin a kwashe ta gaba ɗaya zuwa Pazhou a 2008. Baje kolin ya tashi amma mutanenmu ba su tashi ba, domin tashar jirgin ƙasa tana nan kusa, kasuwannin tufafi irin su Baima suna zagaye da ita, Xiaobei da Sanyuanli ba nisa. Ga kuma masallacin Xianxian, inda kabarin da mutanen garin ke dangantawa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, wanda ranar Juma'a za ka ji Hausa da Zabarmanci da Fulatanci na tashi a harabarsa. Baje kolin nan zango uku ake yinsa, ana farawa a watan Afrilu da na Oktoba, kowane zango kwana biyar, a huta 'yan kwanaki a tsakani. A wannan tsakanin ne, ko ranar da mutum ya gama loda kaya yana jiran jirgi, ejan yake ɓullowa da hoton ruwa a wayarsa da farashi mai daɗin ji: mota, abinci, kuɗin shiga, duk a dunƙule.

Ruwan da ake nuna musu ba ƙarya ba ne, kuma nan takaicin yake. Baishuizhai sunan wurin, a garin Paitan na gundumar Zengcheng, arewa maso gabas da birnin, tafiyar kamar awa biyu a mota. Masu kula da wurin sun ce ruwan yana faɗowa ne daga tsayin mita 428.5, kuma an yi matakala 9,999 da ke hawa dutsen. Daga ƙasa akwai wata hanya da aka shimfiɗa da katakon tsofaffin jiragen ruwa, tana bin gefen rafi, ruwan garai-garai kana ganin tsakuwar da ke ƙasansa. Idan ka yi nisa da hawa, tun ba ka isa gindin ruwan ba feshinsa yake jiƙa maka riga, rugugin kuma ya hana ka jin na kusa da kai. Wuri ne da ke son wuni guda da ƙafa mai ƙwari. Mutumin da ya fito daga Maraɗi ko Katsina, inda rabin shekara ba ɗigon ruwan sama, ya cancanci a bar shi ya tsaya a nan ya yi tasbihi har ya gaji don kansa.

Ga abin da na gani da idona a irin wannan tafiya. Ba mu yi nisa da barin gari ba motar ta ratse, aka ce wai gidan tarihi ne na duwatsun ado. Aka raba mana katin ratayawa a wuya, aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, aka turo ƙofa. Wani mai kwat ya fito yana bayani, ejan ɗinmu yana fassarawa, har da ƙarin gishiri: wannan awarwaro yana maganin hawan jini, wannan mai gidan ya ce saboda son da yake wa Afirka ya rage rabi. Mai tsaron ƙofa bai ce kada a fita ba, amma bai matsa ba. Daga nan sai gidan ganyen shayi, daga nan sai masu katifa da filo. Wata dattijuwa mai sarin atamfa, wadda a kasuwa ba mai iya cin sisinta, ta dubi ejan ta ce, “Ɗan nan, azahar fa tana wucewa, kuma ni ruwa ka ce za ka nuna min.” Ya ce, “Hajiya, ki daure, minti ashirin ne kacal, ko ƙaramin abu ki ɗauka kada su ce ba mu da kirki.” Ta ɗauka. Abincin da aka ce na halal ne, da aka kawo ba wanda ya iya rantsuwa a kansa, yawancinmu farar shinkafa muka ci gaya. Sai bayan la'asar muka isa bakin dutsen, aka ce kowa ya dawo mota cikin awa ɗaya. Dattijuwar nan ta taka abin da ta iya, ta zauna a kan wani benci tana haki, tana hangen farin ruwan can sama tsakanin bishiyoyi, ledar ganyen shayin da ba ta nema ba a kan cinyarta.

Kada wani ya ce min rashin tsari ne ko cunkoson hanya. Tsarin ke nan. Kuɗin da aka karɓa a hannunka ba zai biya man mota da kuɗin shiga da abinci ba, kuma wanda ya karɓa ya sani. Ribarsa tana kantunan nan. Mai kanti yana biyan kuɗi a kan kowane kai da aka shigo masa da shi, sannan ya ba da kamasho a kan duk abin da aka saya, shi ya sa kayan da ke can ake tsawwala musu kuɗi. Kowane minti da ka yi a gaban ruwa asara ce a wurin wanda ya kawo ka, kowane minti da ka yi a ɗakin awarwaro riba ce. Kai da kake ganin kai ne mai sayen tafiya, ashe kai ne hajar da aka kai kasuwa.

Su kansu 'yan Caina sun sha wannan azaba, amma ba su yi shiru ba. A 2015 wani bidiyo ya karaɗe ƙasar, na wata mai rakiyar baƙi a lardin Yunnan tana zazzaga wa fasinjojinta masifa a cikin mota don ba su yi sayayya da yawa ba, kuma hukuma ta ƙwace lasisinta. Tun kafin nan, ranar 1 ga Oktoba 2013, dokar yawon buɗe ido ta ƙasar ta fara aiki. Sashe na 35 ya haramta shirya tafiya da farashin da hankali ba zai ɗauka ba don a yaudari mutane a ci kamasho ta hanyar sayayya. Ya hana kai matafiya wani kanti na musamman sai da yardarsu. Ya kuma ba wanda aka yi wa haka damar, cikin kwana 30 bayan tafiyar, ya mayar da kayan ta hannun kamfanin a biya shi kuɗinsa. Dokar ta ce a rubuta yarjejeniya, mai rakiya kuma ya rataya shaidarsa. Ga lambar 12345 da ake kai wa hukumar birni ƙorafi. Duk wannan yana nan a rubuce, kuma bai ware baƙo ba.

To me ya sa namu ba ya amfana? Domin ba shi da ko guntuwar takarda. A WeChat aka yi magana, a hannu aka miƙa kuɗi, ejan ba kamfani ba ne, ba shi da lasisin rakiya. Sannan ga tsoro, kuma tsoron nan yana da tushe. A Yulin 2009 'yan Afirka suka yi cincirindo a ƙofar wani ofishin 'yan sanda a birnin bayan wani ɗan Najeriya ya diro daga bene yana gudun masu binciken biza. A Afrilun 2020, lokacin korona, aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidaje da otal-otal suna kwana a titi, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin a Abuja ya nuna masa bidiyon. Mutumin da ya ji waɗannan labarai, bizarsa ta 'yan kwanaki ce, kayansa na hannun mutane, ba zai je ya tsaya gaban jami'i a kan kuɗin awarwaro ba. Ejan ya san haka sarai. Da wannan tsoron yake cin abinci, kuma wannan ne ba zan yafe ba. Ɗan Caina mai kanti bai san ka ba, bai san garinku ba. Wanda ya san ba ka jin yaren, ya san ba za ka kai ƙara ba, ya san za ka ji kunyar musa masa a gaban jama'a, shi ne wanda kuka yi sahu ɗaya da shi ranar Juma'a.

Na san abin da za a ce. Yaran nan suna wahala, haya da tsada, sabunta takardu da tsada, kasuwa ta ja baya tun bayan korona, wasunsu ɗalibai ne da kuɗin makaranta a wuyansu. Gaskiya ne, kuma da yawa daga cikinsu mutanen kirki ne, waɗanda ba don su ba da ba mu iya sayen ko allura a garin nan ba. Ban ce tafinta ya yi aikin banza ba. Dillali a Kantin Kwari yana cin la'adarsa ido na ganin ido, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, ba wanda ya ce haram ya ci. Ka ce min, “Alhaji, mota kaza, kuɗin shiga kaza, wahalata kaza,” in biya ka da farin ciki har in ƙara maka. Amma ka rage min farashi a gaba ka zagaya ka sayar da wunina a baya, ka bar uwar wani tana haɗa azahar da la'asar a gefen titi don kai kana jiran a lissafa maka kasonka, wannan ha'inci ne, ko wane irin talauci ya sa ka.

Mu ma da namu laifin. Ɗan kasuwar da zai yi awa guda yana ja-in-ja a kan yuwan ɗaya a farashin takalmi, shi ne zai ji an ce tafiyar wuni da abinci a kuɗin da bai kai na tasi ba, bai tambayi ta ina za a ci riba ba. Araha ba ta ado, mu muke faɗa wa masu saye a shagunanmu. Kuma in an cuce mu sai mu ce a bar wa Allah, mu dawo gida mu nuna hoton da muka ɗauka daga nesa, na bayanmu ya je ya faɗa hannun mutumin nan dai. Da yawa cikin waɗannan bayin Allah ba su taɓa ganin Gurara a Jihar Neja ba, balle Matsirga ta kusa da Kafanchan ko Farin Ruwa ta Nasarawa, saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Wannan ce damar da suka samu, aka cinye musu ita a ɗakin katifa.

Shugabannin al'ummarmu da ke Guangzhou sun san masu wannan sana'a ɗaya bayan ɗaya. Su da suke sasanta rikicin kwantena da na bashi, su kira su su ja musu kunne, wanda ya ƙi ji a faɗi sunansa a zaurukan WhatsApp na masu zuwa sari. Ƙungiyoyin kasuwannin Kwari da Wambai da Singa su gaya wa 'ya'yansu tun kafin su hau jirgi. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke birnin ya fitar da bayanin wannan doka da Hausa, shafi ɗaya ya isa. Kai kuma mai niyyar zuwa, kafin ka miƙa ko yuwan ɗaya ka sa a rubuta maka awa nawa za a yi a bakin ruwa, ina za a ci abinci, ina za a yi salla, da cewa babu tsayawa a kanti. In ya fara kame-kame, ku haɗu ku huɗu ku ɗauki mota ta Didi, ko ku hau jirgin ƙasa layi na 21 zuwa Zengcheng ku nemi mota daga can, ku biya kuɗin shiga da hannunku a bakin ƙofa.