Waƙafi ko ɗigo: ƙaramar alamar da ke iya cinye dukiyar jama'a

A ƴan shekarun nan da wuya mutum ya shiga wani babban kamfani, ko ma'aikata, ko ofishin wata ƙungiya mai zaman kanta a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, bai tarar an jingine manyan littattafan lissafi an koma kan kwamfuta ba. Wasu daga cikin waɗannan wurare suna aiki ne da wata irin manhaja da masana ke kira ERP, wadda ke haɗa duk harkokin gidan a wuri guda: saye da sayarwa, kayan da ke cikin mangaza, albashin ma'aikata, bashi da haraji. Daga cikin waɗanda aka fi sani akwai SAP ta ƙasar Jamus, wadda aka kafa kamfaninta a 1972, akwai Sage ta Ingila, akwai kuma Odoo ta Beljiyam. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Amma akwai wani ɗan lungu a cikin waɗannan manhajoji da shugabanni ba su cika leƙawa ba, wato wurin da ake saita yadda lambobi, kwanan wata da kuɗi za su bayyana a fuskar na'ura da kan takarda. A ganina wannan lungu ba aikin yaron da ya zo ya girka manhajar ba ne shi kaɗai, aikin mai gidan ne, domin a nan ne dukiyar mutane ke iya zurarewa ba tare da ɓarawo ya shigo ba.

Bari mu fara da lambobi. Mu da muka yi karatu cikin Faransanci an koya mana cewa waƙafi shi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, dubbai kuwa a bar ɗan fili tsakaninsu. Ƴan uwanmu na Najeriya da Gana da suka yi karatu cikin Ingilishi su kuma akasin haka aka koya musu: ɗigo ne ke raba lamba da gutsurenta, waƙafi ya raba dubbai. Saboda haka idan aka rubuta 12,500 a takardar tan na wake, akawun Maraɗi zai karanta tan goma sha biyu da rabi, abin da bai kai cikin babbar mota guda ba, shi kuwa akawun Kano zai karanta tan dubu goma sha biyu da ɗari biyar. Rubutu ɗaya, amma tsakanin fahimtar biyu akwai ninki dubu. Hatta darajar kuɗinmu ba ta tsira ba. Tun 1999 aka ɗaure sefa da kuɗin yuro, kuma a takardunmu ana rubuta 655,957 a matsayin canjin yuro ɗaya, wato sefa ɗari shida da hamsin da biyar da ƴan kai. Wanda ya saba da tsarin Ingilishi idan ya ga wannan lamba, sefa dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya zai gani.

Wani zai ce ai babu mai hankalin da zai yi irin wannan kuskure. Gaskiya ne, ɗan Adam yakan tsaya ya ce wannan ba ta yiwuwa. Na'ura ba ta tsayawa. Ita abin da aka saita mata shi take bi. A cikin SAP, alal misali, kowane ma'aikaci yana da shafinsa na saiti, wanda ake shiga da lambar SU3, inda zai zaɓi harshe, da tsarin kwanan wata, da ɗaya daga cikin hanyoyi uku na rubuta lamba: 1.234.567,89 ko 1,234,567.89 ko kuma 1 234 567,89. Abin da ya zaɓa ba ya fara aiki sai ya fita ya sake shiga. Ke nan mutum biyu suna iya zama a ofishi ɗaya, tebur na kallon tebur, kowa ya buga 12,500 a gurbin yawan kaya, na'ura ta karɓa daga hannun kowannensu ba tare da ta yi ƙorafi ba, alhali ta ajiye lambobi biyu da suka yi hannun riga. Daga nan sai lissafin mangaza ya ƙi daidaita, a fara kallon mai tsaron mangaza da idon zargi, shi kuwa bawan Allah ko tiya ɗaya bai ɗauka ba.

Ya kamata a fahimci wani abu a nan. A cikin cikinta, na'ura hanya ɗaya take ajiye lamba da kwanan wata. Saiti yana shafar yadda take nuna su ne, da yadda take fassara abin da aka buga mata. Don haka haɗarin yana bakin ƙofofi ne guda uku: lokacin da akawu ke shigar da lamba, lokacin da aka buga takarda aka miƙa wa wani, da lokacin da aka kwashe bayanai daga wannan manhaja zuwa waccan, musamman zuwa Excel, wanda shi kuma yake bin saitin ƙasar da aka sa wa kwamfutar. Kwamfutocin da ke kasuwanninmu kuwa kowa ya san tarihinsu: wata ta fito daga Faransa, wata daga Amurka ta biyo ta Kwatano, wata an sayo ta a Kano ko Dubai, kowace da saitin inda ta baro.

Sai maganar kwanan wata, wadda ta fi ta lambobi ɓoyuwa. Mu da Najeriya a nan bakinmu ɗaya, rana muke fara rubutawa sannan wata. Amurkawa su wata suke farawa da shi. Idan aka rubuta 03/04/2026, a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinsu 4 ga Maris. Daga ranar 13 ga wata zuwa ƙarshensa kuskuren yakan tona kansa, tunda babu wata na goma sha uku. Amma daga 1 zuwa 12 ga kowane wata babu abin da zai nuna. In ka lissafa, ka cire ranaku goma sha biyu da rana da wata suke lamba ɗaya, za ka samu kwana 132 a shekara da za a iya karanta su ta fuska biyu, fiye da kashi ɗaya cikin uku na shekara ke nan. Yanzu a ce maganin da ke cikin mangazar wani gidan likita zai lalace ranar 11 ga Janairu, aka buga 11/01 a na'urar da aka saita da tsarin Amurka. Ita 1 ga Nuwamba za ta riƙe, maganin ya ci gaba da zama a kan kanta kusan wata goma bayan ya mutu, na'ura tana cewa lafiyarsa lau. Wa zai sha shi? Ɗan talaka. Haka abin yake ga ranar biyan bashin banki, da ranar ƙarewar kwangila, da ranar haihuwar ma'aikaci wadda da ita ake lissafin ritayarsa.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi sefa ita kanta. A tsarin duniya na sunayen kuɗaɗe, naira tana da gurbi biyu bayan ɗigo saboda kwabo, sefa kuwa ba ta da gurbin gutsure ko ɗaya. SAP tana ajiye kuɗi ne kamar kowane yana da gurbi biyu, sannan ta duba wani jadawali na musamman don ta san yadda za ta nuna irin su sefa da yen na Japan. Sefa 50 000 a ciki tana zaune ne a matsayin 500,00. Idan wani ya zaro rahoto kai tsaye daga rumbun bayanai bai bi ta wannan jadawali ba, jaka hamsin sai ta koma dala ɗari. Kuma idan aka riga aka fara zuba lissafi sannan wani ya je ya taɓa wannan saiti, duk tsofaffin lambobin za su canza ma'ana. Shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini tun ran zane.

Kada mu manta da sunayenmu. Haruffan nan namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin tsarin Unicode da manhajojin zamani ke aiki da shi, amma idan bayanai suka bi ta tsohon tsari, ko injin buga takarda bai san su ba, sai su fito alamar tambaya ko ɗan akwati. Saboda gudun haka kowane akawu yakan rubuta suna yadda ya ga dama: wannan ya bi rubutun Faransanci, wancan ya bi na Hausa, wani ya sa ƴ irin tamu, wani ya sa 'y irin ta Najeriya. Ƙarshenta manomi ɗaya ya zama mutum uku a cikin na'ura, bashin takinsa yana kan suna ɗaya, kuɗin da ya biya yana kan wani. A gidan rediyonmu mun sha karɓar kiran manoma da ƴan ƙungiyoyin mata masu kukan cewa an ce ba su biya ba alhali sun biya, kuma amsar da aka fi ba su ita ce, haka inji ya nuna. Wannan amsa ba ta gamsar da kowa. Inji bai san kowa ba, mutum ne ya gaya masa abin da zai nuna.

Dalilin da ya sa na ga lokaci ya yi da za a ɗauki wannan magana da muhimmanci shi ne, ofisoshinmu suna ƙara zama mahaɗar tsari biyu. Cinikin da ke bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ta Birnin Ƙonni zuwa Illela, takardunsa rabi da tsarin Faransanci ne rabi da na Ingilishi. Sannan a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. Harsunan aiki biyu na nufin waƙafi da ɗigo za su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya. In ba a raba musu wurin zama tun yanzu ba, rigimarsu a aljihun jama'a za ta ƙare.

Na san akwai masu cewa a bar kowane ma'aikaci ya saita na'urarsa yadda ya fi jin daɗi, tunda don haka aka yi saitin. Ban ƙi ba a kan launin fuskar na'ura, ko girman rubutu, ko harshen da mutum ya fi ganewa. Wanda idonsa ya yi rauni ya ƙara girman haruffa, wanda ya fi jin Ingilishi ya zaɓe shi, wannan haƙƙinsa ne. Amma lamba da kwanan wata ba kayan mutum ɗaya ba ne, yare ne da duk gidan ke magana da shi, har da baƙon da za a miƙa wa takarda. A kasuwar hatsi ba a barin kowane ɗan awo ya zo da tiyar da ta yi masa daɗi.

To mene ne abin yi? Na farko, shugaban kamfani ko na ƙungiya ya zauna da ma'ajinsa da wanda ya girka manhajar, su yanke tsari ɗaya na lamba, kwanan wata da agogo, a rubuta shi a takarda, a sa hannu, a manna a bango. Duk sabon ma'aikacin da aka buɗe wa shafi a saita masa wannan tsari tun ranar farko, a kuma daidaita saitin kwamfutocin gidan da shi. Ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Tun 2003 babban taron ƙasashen duniya kan awo da ma'auni ya amince cewa ana iya raba gutsure da waƙafi ko da ɗigo, amma dubbai a raba su da fili kawai, kada a sa musu ko ɗaya daga cikin biyun. Wanda ya bi wannan, 12 500 ba za ta taɓa rikiɗewa ta zama sha biyu da rabi ba.

Na biyu, duk takardar da za ta fita daga gidan a rubuta sunan wata da haruffa, ko a bi tsarin ISO 8601 mai farawa da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2026-04-03. A kuma rubuta sunan kuɗin, sefa ne ko naira, sannan jimillar ta fito da lambobi da kuma kalmomi. Mutanenmu da dala da jaka suke lissafi, don haka akawu ya karanta wa mai kaya da bakinsa: jaka goma sha biyu da rabi. Wanda bai yi lakwal ba ma ya san abin da ya ji.

Na uku, kafin a fara aiki da sabuwar manhaja a yi mata jarrabawa mai sauƙi: a buga lamba mai gutsure, a buga kwanan wata irin 11/01, a buga suna mai ɗ da ƙ, a fitar da su a takarda, a kwashe su zuwa Excel, a ga ko sun dawo yadda suka tafi. Wannan aikin bai fi na hantsi ɗaya ba. Kuma kada a biya mai girkawa cikon kuɗinsa sai an ga sakamakon.

Na huɗu, makarantun da ke koyar da lissafin kuɗi da aikin ofis su sa wannan a cikin darasi. Ana koya wa yaranmu tsarin lissafi na SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, to a haɗa musu da sanin cewa maƙwabcinmu na kudu ba ya rubuta lamba kamar yadda muke yi. Su ma masu binciken kuɗi, idan sun je wata ma'aikata, su riƙa tambayar takardar saiti kamar yadda suke tambayar rasit.

Ana kashe miliyoyin sefa wajen sayen waɗannan manhajoji da horar da ma'aikata, amma abin da ba ya cin ko dala ɗaya, wato a zauna a daidaita waƙafi da ɗigo, shi ake bari a baya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kira na ga shugabannin kamfanoni, na ƙungiyoyin manoma, na asusun ajiya da bashi da na gidajen likita shi ne, gobe da safe kowa ya sa ma'aikatansa biyu su buga lamba ɗaya a gabansa, ya duba abin da na'ura ta riƙe. In sun zo daidai, madalla. In ba su zo daidai ba, to ya gode wa Allah da ya gani tun kafin a ɗora wa wani bawan Allah laifin satar da bai yi ba.

Allah ya sa mu dace, ya kare mana amanar da aka damƙa a hannunmu.