FILIN SANI: Girman allo daban, kyawun gani daban

Da zarar an fitar da sakamakon jarrabawar bak, sai iyayen yaran da suka yi nasara a Tabotaki da sauran garuruwan gundumomin Buza, Keita da Madawa su shiga lissafi. Bayan kuɗin mota da na ɗaki da na abinci, akwai wata ɗawainiya da iyayen dā ba su sani ba, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa irin ta tafi-da-gidanka. Ko yaro ya nufi jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, ko kuwa ta Abdou Moumouni a Yamai, darussa da yawa a na'ura zai karɓe su, a cikinta kuma zai rubuta kundinsa na ƙarshen karatu. Kuɗin sayenta kuwa, sau da yawa na albasa ne, ko na rago, ko albashin da aka daɗe ana tsimi.

Mai saye yakan tambayi suna, HP ce ko Dell ko Lenovo, ya tambayi ƙarfin batir, amma ba safai yake tambayar allo ba, alhali shi ne ɗalibi zai zuba wa ido shekara uku ko fiye. Wanda ma ya tambaya, girma kawai yake dubawa, a nan ne kuma kuskuren yake.

Girman allo da inci ake auna shi, daga kusurwa zuwa kusurwa: inci 13, ko 14, ko 15,6. Kyawun gani kuwa ya dogara ne ga yawan ƙananan ɗigogin haske da suka haɗu suka yi hoto, waɗanda ake kira fikisel. Allo kamar tabarma yake: tabarmi biyu na iya zama faɗi ɗaya, amma saƙar ɗaya ta fi ta ɗaya matsi. Lambobi uku aka fi cin karo da su a kasuwa. Na farko 1366 sau 768, ɗigo miliyan ɗaya da ƴan kai. Na biyu 1920 sau 1080, ɗigo miliyan biyu da ƴan kai, shi ake kira Full HD. Na uku 3840 sau 2160, ɗigo fiye da miliyan takwas, wanda aka sani da 4K.

Na'urori masu araha, musamman na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, da yawansu allon farko gare su. Mai shago zai ce HD ne, bai kuwa yi ƙarya ba, domin sunan da masu ƙera shi suka ba shi ke nan, sai dai ba Full HD ba ne. A allo mai inci 15,6 wannan lamba tana ba da ɗigo kamar 100 a kowane inci, ta biyu kuwa kamar 141. Bambancin yana bayyana ne ran da ɗalibi ya so buɗe darasin malami a gefe guda, shafin rubutunsa a ɗaya gefen. A allon farko kowane gefe faɗin ɗigo 683 ya samu, sai jeri ya yanke, a yi ta ja hagu da dama. A na biyu kowane gefe ya samu 960, shafuka biyu su zauna lafiya. Ɗalibin tattalin arziki ko lissafin kuɗi, mai yini kan jadawalin Excel, shi ya fi kowa jin wannan a jikinsa.

To, in haka ne, me zai hana mai hali ya sayi 4K ya huta? Dalili uku. Na ɗaya, a ƙaramin allo rubutu yakan ƙanƙance har sai Windows ta faɗaɗa shi ninki biyu ko fiye kafin a iya karantawa, sai filin aiki ya koma kusan na Full HD. Na biyu, ɗigo ninki huɗu sun fi cin batir, wuta kuwa ba abin wasa ba ce a Nijar. Ba a manta da yadda Nijeriya ta yanke layin lantarki a watan Agusta 2023 ba, sai a Maris 2024 aka maido shi. Ɗalibin da ya koma ƙauye hutu, cajinsa sau da yawa a shagon mai farantin hasken rana ne, da kuɗi. Na uku, ƙarin kuɗin ya fi amfani in an zuba shi a sabon batir ko ƙarin ƙwaƙwalwa. Mai koyon zanen gine-gine ko haɗa hotuna yana da hujja. Mai karatun shari'a ba shi da ita.

Saboda haka tsaka-tsaki ita ce dabara: 1920 sau 1080 a allo mai inci 14 ko 15,6. In an samu mai 1920 sau 1200, irin na sababbin na'urori, ya fi, domin ya ƙara tsawo, layukan karatu su ƙaru. Ga ɗalibi mai raunin ido, sai a ɗauki inci 15,6, a ɗaga girman rubutu zuwa 125 bisa ɗari.

Gani ya kori ji. Kada a dogara ga takardar da aka manna a jikin na'ura. A kunna ta a gaban mai shago, a danna maɓallin dama a tsakiyar allo, a zaɓi «Paramètres d'affichage», lambar gaskiya za ta fito. A buɗe farin shafi, sa'an nan baƙi, don gano ɗigon da ya mutu ko tabon da ya ɓuya. A karkata allon gaba da baya: in launi ya dushe nan da nan, tsohon ƙira ne mai suna TN; mai suna IPS ba ya haka. A fita da ita bakin ƙofa, domin allo mai ƙyalli madubi yake zama a hasken ranar Adar, marar ƙyalli ya fi dacewa. Tun da an kunna, sai a tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin kamfanin Microsoft ya tsai da kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025.

Batir in ya gaji ana sake shi, ƙwaƙwalwa a na'urori da yawa ana ƙara ta, amma sauya allo aiki ne mai tsada da neman gwani. Uban da zai aika ɗan uwa Maraɗi ko Kano sayayya, ya rubuta masa lambar nan a takarda, 1920 sau 1080, ya ce kada a biya sai an gan ta a allo. Allah ya ba ɗalibai sa'a, ya sa wa dukiyar iyaye albarka.