Sharhi: Darasin rufe layukan waya ga masu koyon rubuta manhaja a Zamfara

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Makonni biyu aka ɗiba tun farko. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, amma ƙananan hukumomi irin su Tsafe da Bungudu sai da suka jira har ƙarshen Nuwamba.

Wannan tarihi ya cancanci tunawa yanzu da ake jan matasa zuwa sana'ar rubuta manhaja, a Jami'ar Tarayya ta Gusau da kuma shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku. Tambayar da ke gaban masu horarwa ita ce: da wane irin kayan aiki za a koyar da ɗalibin da intanet ɗinsa ba ta da tabbas?

Mai rubuta manhaja yana aiki ne a cikin edita, wadda ke ja masa layi a ƙarƙashin kuskure, ta kuma ƙarasa masa kalmar da ya fara. Wannan taimako iri biyu ne a yau. Na farko shi ne na ƙirƙirarriyar basira, kamar GitHub Copilot da ya ɓulla a 2021. Shi yana aika rubutun ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin kafin amsa ta dawo, don haka da layi ya ɗauke, shi ma ya yi shiru. Cikakken tsarinsa kuma da dala ake biya.

Na biyu ya dogara ne a kan ƙa'idar LSP, wadda Microsoft ya sanar a 2016 tare da Red Hat da Codenvy. Kafin zuwanta, kowace edita sai an gina mata tallafin kowane harshen kwamfuta daban. Harsuna 10 da editoci 10 aiki 100 ke nan. Da LSP, kowane harshe na samun ƙaramar manhaja guda da ta san nahawunsa, kowace edita kuma ta koyi yi mata magana, sai aikin ya koma 20. Wannan ƙaramar manhaja a kan kwamfutar ɗalibi take zaune. Da zarar an sauke ta, za ta ci gaba da kama masa kuskure a Python ko Java ko da babu ɗigon data.

Akwai wata ƙofa da ƙa'idar ta buɗe. Kayan aiki irin su Xtext da Langium suna karɓar nahawun sabon harshe, su samar masa da wannan tallafi da kansu. Ma'ana, malami a Gusau zai iya tsara ƙaramin harshen koyarwa mai kalmomi kamar «idan» da «maimaita», ya kuma samu editar da ke gyara wa yaro kuskure, ba tare da ya tara ayarin injiniyoyi ba. Python 3 ma tuni ta yarda a sa ƙ, ɗ da ɓ a sunayen da mai rubutu ke raɗawa.

Sai dai kayan aiki ba ya maye gurbin wutar lantarki, kwamfuta ko tsaro. Sace ɗaliban jami'ar da aka yi a Sabon Gida ta Bungudu a Satumban 2023 ya nuna inda babbar matsalar take. Duk da haka, zaɓen kayan koyarwa yana hannun cibiyoyin horo. Idan suka fara da abin da ke aiki ba layi, suka raba shi a filas tun ranar farko, ɗalibin Tsafe zai ci gaba da darasinsa ko da an sake rufe layukan.