A Tsabtace Aikin Ajan-Ajan Na Kwastan A Kan Iyakokinmu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi kira ga hukuma game da masu fitar wa mutane kaya daga hannun kwastan, waɗanda muke kira ajan ko 'yan kiliyarin.

Ni manomi ne, in rani ya yi kuma ina taɓa kasuwanci. Irinmu ba mu iya cika takardun fito ba, Turanci ne da lambobi. Dole sai mun nemi wanda ya iya. To wannan mutum da muke danƙa wa kuɗinmu da kayanmu, wa ke sa masa ido?

Ba wai babu doka ba ne. Tun dokar kwastan ta 1958 aka ce mai wannan sana'a sai ya karɓi lasisi. A 2007 an kafa majalisar CRFFN don kula da masu harkar fito da jigilar kaya. A watan Afrilun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kwastan wadda ta maye gurbin tsohuwar. Amma fa kamfani ake ba lasisin, kuma manyan kamfanonin nan hankalinsu yana tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Fatakwal. Mu da ke bin Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba, wanda ke tarye mu a bakin hanya sau da yawa ɗan kamasho ne, ba ofis, ba kati, sai jaka a hammata da daɗin baki. Wani ma aron hatimin mai lasisi yake yi, ya ba shi ɗan wani abu.

Ga yadda cutar take. Ya ce ka kawo kaza, ka ba shi a dunƙule. Ba ka san nawa ne na gwamnati ba, nawa ne la'adarsa. Sai ya rubuta kaya kaɗan, ko ya sauya musu suna, ya biya ɗan abin da ya ga dama, ya soke sauran a aljihu. Kana tafe a hanya jami'an sintiri su tare mota, su ga takarda ba ta yi daidai da kaya ba, a kama. Kai ne ɗan fasa-ƙwauri ke nan, alhali ka biya. Wani maƙwabcina haka ya sayar da wakensa na shekara guda ya saro kaya, wani ɗan kamasho ya yi masa irin wannan. Da aka nemi mutumin sai aka ce ya yi tafiya. Har yau bawan Allah bai farfaɗo ba.

Jama'a, mu duba kasuwanninmu mana. A kara ko a kasuwar hatsi, dillali sananne ne, yana da rumfa, yana da shugaba, la'adarsa kowa ya san ta. In ya haɗa ka da mai saye ya gudu da kuɗi, wuyansa za a kama. Ashe abin da kakanninmu suka tsara ba biro ba takarda zai gagari gwamnati?

Saboda haka ina ba da shawara kamar haka. Na farko, a kafe sunayen kamfanoni masu lasisi a kowace kan iyaka, da Hausa, boko da ajami, a kuma riƙa faɗa a rediyo. Na biyu, duk yaron ajan ya rataya kati mai hotonsa da sunan maigidansa. Na uku, a tilasta masa ba da rasit biyu, na banki wanda ya nuna kuɗin fito, da nasa na la'ada. Na huɗu, in yaro ya ci amana, mai lasisin ya biya, in ya ƙi a soke lasisinsa. Wanda ya ba da aron hatimi ma a yi masa haka. Na biyar, a ware wurin kai ƙara inda talaka zai yi magana da harshensa.

Wasu za su ce in an tsaurara, la'ada za ta hau. Gaskiya ne, shi ya sa nake roƙon kada a tsawwala kuɗin lasisi har ƙananan ajan na kirki su kasa biya, don in suka fita, 'yan kamasho ne za su cika wurin. Amma gara in biya la'ada mai tsada da rasit a hannuna, da in biya mai araha in rasa jarina ɗungurungum.

Mu ma 'yan kasuwa da namu laifin, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ya ce zai fitar maka da kaya a rabin kuɗi, ka san da lauje cikin naɗi.

Mun sha wuya da aka rufe iyakoki a 2019, Illela da Maigatari sai Disambar 2020 aka buɗe, Jibiya da Kamba kuwa sai 2022. Aka sake rufe iyakar Nijar a 2023 har zuwa Maris na 2024. Ɗan jarin da ya rage mana kada a bari 'yan damfara su ƙarasa shi.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, amin.

Naka,
Mai karanta jaridarku kullum,
daga Jihar Katsina.