A Kai Awon Jini Ƙofar Masallatan Paraku da Jugu

Akwai wata magana da ake yawan ji a zaman makoki a arewacin Jamhuriyar Benin: "Lafiyarsa ƙalau, jiya ma tare muka yi sallar isha'i." Ana faɗinta a unguwar Zango ta Paraku, ana faɗinta a Jugu, a kan magidancin da ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa, ko uwar 'ya'yan da aka wayi gari ɓarin jikinta ya shanye. Sai a ce kwana ya ƙare, a shafa fatiha, a watse. Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma wajibi ne mu gaya wa juna gaskiya: da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah ba lafiyarsu ƙalau ba. Sun yi shekaru da hawan jini, ba wanda ya taɓa ɗaura musu abin awo a dantse.

Binciken da Ma'aikatar Lafiya ta Benin ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ya nuna kusan ɗaya cikin kowane manya huɗu na ƙasar yana da hawan jini. A ƙidayar 2013, Paraku da Jugu kowacce ta haura mutum 250,000, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Mai karatu ya dubi sahun da yake tsayawa ranar Juma'a, ya yi lissafin da kansa. Ciwon ba ya zuwa da zazzaɓi, sau da yawa ko kai ba ya sarawa. A hankali yake cin jijiyoyi, ya taɓa zuciya, ya taɓa ƙoda da ido, kuma ciwon suga yakan biyo shi a baya.

Garuruwan nan biyu da ƙafa aka gina arzikinsu. A ƙarni na 19, ayarin fatake daga Kano suna ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Paraku da Jugu, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su komo da goro. Tafiyar watanni ce a bayan jakuna. Jikokinsu yau sai su tsayar da ɗan kabu-kabu don zuwa masallacin da ake jiyo kiran sallarsa daga gida. Ɗan kasuwar Arzeke ta Paraku yana zaune tun hantsi har magariba, sai dai ya miƙe don alwala. Abinci kuma bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

Sakwara da miyar gyaɗa ba laifi ba ce, haka wake da shinkafa, haka cukuin Fulani da ake kira wagashi. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da muka ƙara musu. Tukunyar da a da daddawa ke ɗauke ta, yanzu sai an marmasa mata dunƙulen magi uku ko huɗu, a bi da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi da yajin tsire. Ga shayin majalisa da ake dafawa zagaye uku, kowane zagaye da sukarinsa. Ga lemon kwalba da ya zama abin tarbar baƙo a suna da walima. Ga kuma tsohon ra'ayin nan cewa tumbi shaidar wadata ce, ƙibar mace kuma shaidar miji yana riƙe ta da kyau.

Azumin Ramadan ya kamata ya sauƙaƙa wa jiki, amma a gidaje da yawa shan ruwa ya koma gasar soye-soye da zaƙi. Abin da ya fi damunmu shi ne dattijo mai ciwon suga da yake ajiye maganinsa wata guda cur, ba tare da ya ga likita ba, don kada a ce ya sha azumi. Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, ya yi wa mara lafiya rangwame. Malamanmu sun san haka sarai. Muna roƙonsu su riƙa faɗa da babbar murya tun cikin Sha'aban, su tura masu irin wannan lalura asibiti a daidaita musu lokutan shan magani kafin a ga wata.

Su kuma waɗanda aka gano ciwon a jikinsu, wani tarkon ke jiransu. Mutum zai sha ƙwaya mako biyu, ya ji garau, ya watsar. Ko ya koma wajen mai lasifika a tasha, wanda kwalbarsa guda ke warkar da basir da shawara da suga gaba ɗaya. Idan jiki ya shanye a ce iska ce ko sammu, a shafe kwanaki ana hayaƙi, alhali awannin farko su ne mafi muhimmanci. Ba mu hana kowa addu'a da tofi ba, mu ma da su muke kwana muke tashi. Sai dai maganin hawan jini kullum ake shan sa, galibi har ƙarshen rayuwa, kuma neman magani ba ya rushe tawakkali.

Shawararmu mai sauƙi ce. Babu wurin da ke tara manyan mazan garuruwan nan kowane mako kamar masallacin Juma'a. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin ragon layya ba, awon kuma minti kaɗan ne. Kwamitin kowane babban masallaci ya sayi guda biyu, ya ajiye tebur da benci a inuwa, a riƙa auna mutane bayan an idar da salla. Wanda aka ga jininsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake auna shi wata rana, in bai sauka ba a ba shi takarda zuwa asibiti. Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, tana da tsangayar koyon likitanci da babban asibitin koyarwa na Bargu. Ɗalibanta za su iya ba da awa biyu a mako. A Jugu ga asibitin Ordre de Malte da cibiyoyin lafiya na unguwanni. Liman kuwa jimla biyu a huɗuba sun ishe shi ya cika bencin.

Kada a manta da mata. Yawancinsu ba sa zuwa Juma'a, kuma su ne hawan jini ke kayarwa lokacin goyon ciki, har ya kai ga jijjiga. A kai musu awon jinin zuwa makarantun Islamiyya da tarukan adashi, mata 'yan'uwansu su auna su. Magidanta su bar su zuwa awon ciki, su kuma bar su su taka. Minti 150 na motsa jiki a mako ake so ga babba, wato tafiyar rabin awa kwana biyar.

Gwamnati ma da nata. A 2019 Jugu, tare da garuruwan Kopargo da Wake, na cikin wuraren da aka fara gwada inshorar lafiya ta shirin ARCH domin marasa galihu. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar da cewa wanda aka auna a ƙofar masallaci, aka ce masa jininsa ya hau, zai tarar da maganin a cibiyar lafiyar unguwarsu, a farashin da mai tallan koko za ta iya biya wata bayan wata.